Kada ka saita sabuwar waya kafin ka gama da tsohuwar

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na riƙe hannunka lokacin da za ka saita iPhone ɗin da Hajiya ta zaɓa, alhali ga Tecno ɗinta a gefe, kuma a ganinka da Xender cikin minti ashirin ka kwashe komai. Jawo benci ka zauna. Irin wannan aikin ba ya yankewa a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, domin kullum akwai mai son ya ba da tsohuwar wayarsa ya yi ciko ya ɗauki wata.

Xender hoto da bidiyo da waƙa yake kwasa, kuma ba a kansu Hajiya za ta dawo tana faɗa ba. A kan WhatsApp za ta dawo. Atamfa da leshi take sayarwa daga gida, duk wadda take bi bashi da duk wadda ta turo mata rasit suna cikin hirarrakin nan. To ajiyar WhatsApp ta Android a Google Drive take zama, ta iPhone kuma a iCloud, kuma kowacce ba ta buɗe ta ɗaya. Idan ka sauke WhatsApp a iPhone ka sa lambarta, zai buɗe lafiya lau, za ta ga gurup-gurup ɗinta, amma ko saƙo ɗaya na jiya ba za ta gani ba.

Hanyar da muke bi ita ce manhajar Move to iOS. Apple ne ya fitar da ita a 2015, amma sai a 2022 ta fara ɗaukar WhatsApp. Sharaɗinta shi ne iPhone ɗin ta kasance ba a riga an saita ta ba, tana nan a shafukan farko inda take tambaya ko za a kwaso bayanai daga wata waya. Da zarar ka wuce wurin nan ka shiga ciki, ƙofar ta rufe, sai dai ka goge wayar tas ka sake farawa. Abin da na hana ka ke nan.

Yadda ake yi kuwa, ka jona duka biyun a caji, kuma a inbata ko fawa bank, kada ka dogara da wutar NEPA. Ka sauke manhajar a Tecno daga Play Store, iPhone za ta nuna lamba shida ko goma, ka shigar da su. iPhone ɗin ce za ta haɗa ƙaramin Wi-Fi nata na wucin gadi, don haka Android za ta riƙa ƙorafin cewa babu intanet a wannan layin. Ka ƙyale ta. Ka kashe mata data don kada ta tsallake ta koma can. Kada a ɗaga kira, kada a buɗe wata manhaja, kada Hajiya ta ce bari ta duba saƙo ɗaya kawai, domin aikin zai yanke ne a koma farko. Idan sandar da ke nuna ci gaban aikin a fuskar iPhone ba ta cika ba, ba a gama ba, ko da Tecno ta ce ta gama. Bayan haka sai ka sauke WhatsApp daga App Store, ka sa lambar da take amfani da ita a tsohuwar wayar, ba wata ba. Saƙonni da hotuna da muryoyi za su zo, jerin kiran da ta yi ne ba zai biyo ba. Kuma dole iPhone ɗin ta kai iOS 15.5 ko sama. iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya, kada ka ɓata lokacinka a kanta.

Amma tun kafin ka taɓa caja, akwai tambayoyin da za ka yi, kuma a nan ake gane wanda ya iya aikin.

Wane WhatsApp take amfani da shi? Idan GB WhatsApp ne, wato wanda ba na kamfanin ba, ka faɗa mata gaskiya tun yanzu: babu shi a iPhone, kuma Move to iOS ba ta san da zamansa ba. Nawa ne cikin wayar? Mutum zai zo da Tecno mai giga 128 cike maƙil, ga katin memori a ciki, ya ce a zuba masa a iPhone mai giga 64. Buhu ba ya shiga cikin mudu. Sai dai ta zauna ta rage bidiyon biki da na gurup, ko a kwashe su a kwamfuta ko filas. Ina lambobinta suke? Wasu a kan layi, wasu a cikin wayar kanta, wasu a Google. Ka tattara su duka ka mayar da su Google, ka duba adadinsu ka rubuta a takarda, idan an gama ka gwada da na sabuwar. iPhone tana iya ɗauko lambobi daga layi, amma ba ta ajiye lamba a kansa.

Sai maganar imel. Da yawa daga cikin kwastomominmu ba su san kalmar sirrin Gmail ɗinsu ba, wani yaro ne ya buɗe musu ranar da suka sayi waya. Ka dawo mata da ita yanzu, tun tsohuwar wayar tana hannu tana iya karɓar lambar tabbatarwa. In za a buɗe Apple ID, wato asusun mai iPhone a wajen Apple, da imel ɗinta da lambarta za a buɗe. Na san wasu a kasuwar nan da nasu suke buɗe wa mutane don su yi sauri. A shagona ba a yin haka. Ranar da wayar ta nemi kalmar sirri, mai ita tana Zariya kai kana nan, ka mayar mata da wayar dubban ɗaruruwa madubin duba fuska. Ka miƙa mata ta rubuta da hannunta, ka kau da kai, ka ce ta rubuta a littafinta na gida. Hotunan mutane kuwa, ka kwashe su ba tare da ka buɗe ba. Matar aure ce ta ba ka amanar wayarta.

Ita kanta iPhone ɗin, tunda ta hannu ce, sai an bincike ta. Tun iOS 7 a 2013 Apple ya sa makullin da ke ɗaure waya da asusun mai ita. In ka kunna ta nemi Apple ID na wani, ka mayar wa dila kayansa, babu filashin, wato sake zuba wa waya manhajarta, da zai cire wannan, duk wanda ya ce maka ya cire dabara ya yi wadda za ta warware. Ka duba lafiyar batir, in ta yi ƙasa da kashi 80 ka gaya mata canji yana tafe. Ka sa layi ka ga ko an kulle ta ga wani kamfanin waya na waje. Sannan ka juya gefenta ka nemi ramin layi. Daga iPhone 14 zuwa sama, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da shi sam, eSIM kaɗai suke ci, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Hajiya tana da MTN tana da Airtel. A yawancin iPhone ramin ɗaya ne, don haka dole ɗayan layin ya koma eSIM, kuma wannan sai ta je ofishin kamfanin da kanta da lambar NIN ɗinta. Ba aikin benci ba ne.

Akwai kuma abubuwan da za ka faɗa mata kafin ta biya ciko, don kada ta ce an ɓoye mata. Babu wurin katin memori. Babu rediyon FM, in tana jin shirye-shiryen safe da iyafis sai dai yanzu ta saurara da data. Bluetooth ɗinta ba ya tura hoto zuwa Android. Cajar Tecno ba za ta shiga ba sai in iPhone 15 ce ko sama, waɗanda suka koma USB-C a 2023. iCloud giga 5 yake bayarwa kyauta, inda Google yake ba da 15, ba za a jima ba zai fara cewa ya cika. Manhajar da ta saya da kuɗi a Play Store kuma sai ta sake saye. Na sha ganin wanda ya ji wannan bayanin ya fasa, ya ɗauki Samsung. Ba mu yi asara ba, gobe ma nan zai dawo.

In aikin ya juya, wato daga iPhone za a koma Android, ya ɗan fi sauƙi: kebul za ka haɗa tsakaninsu, Samsung da Smart Switch, sauran kuma in suna da Android 12 ko sama yawanci a shafukan farko za su ba ka zaɓi. Abu biyu ne ake mantawa. Ka kashe iMessage da FaceTime, hanyoyin saƙo da kira na tsakanin masu iPhone, kafin ka zare layi, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone za su ci gaba da tafiya inda babu mai karantawa. Kuma ka duba ko hotunan suna cikin wayar da gaske, domin in an kunna tsarin rage nauyi, cikakkun suna iCloud, sai an sauko da su.

Tsohuwar wayar kuma ba ta barin hannun mai ita sai banki ya buɗe a sabuwar. Manhajar banki za ta ga baƙuwar waya ta nemi a sake rajista, ta turo lamba ta layi, wani bankin ma sai an je reshe. In akwai Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar shiga asusu, daga tsohuwar ake fitar da asusun a ɗauka da kyamarar sabuwar. Ko dila yana tsaye yana gaggawa, ka ce ya jira. Sai ta shiga bankinta ta ga kuɗinta, ta buɗe hirar mutum biyu ko uku ta ga tsofaffin saƙonni, sannan ka koma kan Tecno. Ka zare katin memori ka ba ta a hannu. Ka cire asusun Google daga cikin saiti tukuna, sannan ka goge wayar, domin tun Android 5.1 wayar da aka goge da asusu a ciki tana iya tsayawa ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita, kuma wanda ya saya a wajenmu zai zo nema.