Tambayoyinku: Me Ya Sa Bes Ɗin Hedifon Ba Ya Dukan Ƙirji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina zaune a ɗakin haya, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabcina mai iyali. Da dare nake kallon fim ko buga gem a PlayStation, don haka dole sai da hedifon. Na sayi mai tsada, na ƙure bes, amma ko bam ya tashi a fim ba na jin dukan nan a ƙirji irin na sinima. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, don Allah ka rage ƙarar nan daga daren yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi. Jin da ya tafi saboda ƙara ba ya dawowa, kuma abin da kake nema ba a kunne yake ba.

Ka tuna ranar hawan Sallah, idan aka buga tambari kusa da kai. Ba kunnenka kaɗai ke karɓar sautin ba, iskar da fatar ta tura ce ke dukan ƙirjinka da cikinka. Haka wufar sinima take aiki, har ma an ware wa rugugi layinsa na musamman a sautin fim, shi ne ".1" ɗin da kake gani a 5.1, mai ɗauke da sautin da bai wuce 120 Hz ba (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Shi kuwa hedifon, 'yar iskar da ke tsakaninsa da dodon kunnenka kawai yake motsawa. Ko nawa ka saye shi, ba shi da hanyar isa ƙirjinka.

Akwai hedifon da aka sa wa abin girgiza a ciki, kamar Skullcandy Crusher. Yana kaɗa kai da muƙamuƙi, wasu na jin daɗinsa, amma iyakarsa ke nan. Akwai kuma rigar Woojer da ake sawa a jiki, sai dai tsada, ga zafin garinmu.

Abin da ni nake amfani da shi, kuma nake ba ka shawara a kai, wata 'yar na'ura ce mai girgiza kujera, a kasuwa sunanta bass shaker. Cikinta kamar sifika ne, maganaɗisu da naɗin waya, amma babu faifan da ke tura iska. Maimakon ta yi ƙara, sai ta girgiza duk abin da aka ɗaure ta a jikinsa. ButtKicker ne ya fi suna, amma Dayton Audio BST-1 mai wat 50 ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya ishi kujerar mutum ɗaya. Ranar da na fara gwada tawa, jirgi mai saukar ungulu ya wuce a fim, sai da na waiwaya.

Ga yadda za ka haɗa. Sautin da ke fitowa daga ramin hedifon na hannun gem ɗinka ko na talabijin, ka raba shi biyu da 'yar waya mai baki biyu: ɗaya zuwa hedifon, ɗaya zuwa ƙaramin amfilifaya irin na wufa, daga nan zuwa na'urar. Lallai amfilifayan ya kasance yana da maɓallin tace sauti, mai barin rugugi kaɗai ya wuce, ka tsayar da shi a 80 Hz ko ƙasa da haka. Idan ba ka tace ba, har maganar 'yan wasa za ta riƙa yi maka cakulkuli a baya, abin ya gundure ka. Kada ka bi ta Bluetooth, domin yana jinkiri, sai ka ji girgiza daban, harbi daban.

Ɗaurin shi ne rabin aikin. Ka sa kafinta ya ɗaure ta tamau da sukuru a jikin katakon kujera, a ƙarƙashin mazauni. Soso yana shanye girgizar, kujerar roba kuma kwaramniya za ta riƙa yi.

Na ji daɗin yadda ka kula da haƙƙin maƙwabcinka, Allah Ya saka maka. Don kada girgizar ta bi ƙasa ta isa ɗakinsa, ka yanka tsohuwar taya ko silifa mai kauri ka sa ƙarƙashin ƙafafun kujerar, ka kuma janye ta daga jikin bango. Sai ka fara daga ƙasa kana ƙarawa a hankali, har ka kai inda kujerar ke shiru lokacin hira, ta motsa kawai idan tsawa ta faɗi ko mota ta yi karo.