Ɗan Kuka Mai Ja wa Uwarsa Jifa: Wane Kuka Ake Nufi?

Wata malamar firamare daga Unguwar Rogo a nan Jos ta aiko da tambaya kamar haka: "Malam, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sannan kuma suka ce hali zanen dutse. Idan hali ba ya kankaruwa, ina amfanin tanƙwarar? Sannan ɗan kukan da aka ce yana ja wa uwarsa jifa, yaro mai yawan kuka ne?"

Malama, zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a cikinta amsar ta farkon take. Kalmomi biyu ne rubutun boko ya haɗa su a siffa ɗaya, saboda ba ma nuna karin sauti a rubutunmu na yau da kullum. Kuka na hawaye namiji ne, shi ya sa muke cewa kukan yaro, kuma gaɓoɓinsa biyu duk a sama ake furta su. Kuka ta bishiya mace ce, gaɓarta ta biyu tana sauka ƙasa. Fassarar da na fi gamsuwa da ita ita ce ta bishiyar: yara suna hango 'ya'yan kuka suna reto a can sama inda hannu ba ya kai, sai su ɗebi duwatsu da sanduna su yi ta jifa, uwar da ba ta yi laifin komai ba ita ke shan dukan. Yawancin yaran da suka tashi a tsakiyar Jos ko Abuja miyar kuka kaɗai suka sani, ba su taɓa tsayawa a gindinta ba, don haka ba na ganin laifin wanda hankalinsa ya tafi ga jariri mai tsala ihu. Ko ta wace fuska aka ɗauka, maganar ɗaya ce: abin da ya fito daga ɗa yana komawa kan uwa.

Wannan fahimta ta daɗe a bakin Bahaushe, amma masu nazarin halayyar ɗan Adam a Turai da Amurka sun jima suna kallon tarbiyya a matsayin ruwa mai gangara ta hanya ɗaya, daga iyaye zuwa 'ya'ya. A 1968 wani masani Ba'amurke, Richard Bell, ya ja hankalin abokan aikinsa cewa idan an ga uba mai tsanani da ɗa mai taurin kai, ba a isa a yanke cewa tsananin ne ya haifi taurin kan ba, domin yana yiwuwa taurin kan ɗan ne ya mayar da uban mai tsanani. Tun kafin nan, daga 1956, likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun riƙa bibiyar wasu yara a birnin Niyok tun suna jarirai, suka ga cewa kusan kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin reno ne, kusan kashi 10 masu wuyar sha'ani ne, kusan kashi 15 kuma sai a hankali suke sabawa da baƙon abu. Abin da suka fi nanatawa shi ne dacewa tsakanin ɗabi'ar yaro da yadda masu renonsa suke tafiyar da shi.

Na ga wannan a cikin gidana. Ɗiyarmu ta fari idan ta ƙoshi sai barci, har na fara yi wa abokaina wa'azin yadda ake reno, ina jin kaina gwani. Da ƙaninta ya zo, ba ya yarda a sauke shi daga goyo, mahaifiyarsa tana tuƙa tuwo yana bayanta yana zillo, cikin sanyin Disamban Jos kuwa ni ke zagaye tsakar gida da shi a kafaɗa har a kira assalatu. Cikin wata uku na daina wa'azin, na kuma lura muryata ta fi saurin tashi fiye da da.

To, karin maganar biyu ba sa karo da juna. Hali zanen dutse yana magana ne a kan abin da yaro ya zo da shi, irin su zafin zuciya ko sanyinta, ko kuma a kan abin da ya riga ya kafu a jikin babba. Tanƙwara kuwa ba ta mayar da icce wani icce dabam, alkiblarsa kawai take juyawa, kuma duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɗanyen reshe ya san reshen yana turo hannu. Haka nan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kuma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bahaushe ya ajiye dukkansu ne saboda ya ga dukkansu suna faruwa, wani lokaci a ɗaki ɗaya.

Wani bawan Allah daga Kubwa a Abuja ya tambayi bambancin reno da tarbiyya da horo. Malam, reno, ko raino a wasu kare-karen harshe, kula da jikin ƙaramin yaro ne: goyo, wanka, ciyarwa, rarrashi, kuma ko yarinya 'yar shekara goma tana iya zama 'yar reno. Tarbiyya ararriya ce daga Larabci, tushenta yana ɗauke da ma'anar girma da ƙaruwa, kuma daga shi ne kalmar "rabbayani" ta fito a addu'ar da ake yi wa iyaye a aya ta 24 ta Suratul Isra'i. A Hausa ta fi karkata ga gyaran ɗabi'a, har idan aka ce yaro ba shi da tarbiyya, iyayensa aka zaga. Horo ya fi su kaushi, domin ana horar da doki, ana horar da soja, ana kuma hora mai laifi, shi ya sa idan uwa ta ce wa maƙwabciyarta "ki hora min shi", yaron da ke laɓe a bayan ƙofa ba ya jiran jin sauran maganar.