Amsa ga ɗalibin da ya ƙosa ya fara kumite

Ɗana, na ji tambayarka, kuma ban ga laifinka ba. Ka ce an kusa shekara kana zuwa atisayen karate, kullum kihon (maimaita naushi, shuri da tariya na tushe) da kata (tsararren jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai), in an tashi haɗa ku sai kumite (karawa da abokin atisaye) mai taku biyar, alhali kana ganin masu bel ruwan ƙasa suna karawa a sake. Kana so ka san yaushe za a bar ka ka shiga cikinsu. Ka kuma tambaya ko ka fara ɗaga ƙarfe don naushinka ya ƙara nauyi.

Naushinka ba nauyi ya rasa ba. Nauyin ma shi ya sa nake riƙe da kai. Hannunka ya iya tafiya amma bai iya tsayawa ba tukuna, idonka kuma bai gama sanin inda abokin karawarka zai iya taɓa ka da inda ba zai iya ba. Wanda ke cikin wannan hali in aka sake shi, ko dai ya fasa wa ɗan'uwansa hanci, ko shi ya sha duka ya koyi runtse ido da juya baya. Na biyun ya fi damuna. Hanci yana warkewa cikin 'yan makonni, amma ɗalibin da ya saba runtse ido da zarar ya ga hannu ya taho, sai an sha wuya kafin a raba shi da wannan ɗabi'a.

Ka tuna wasan ƙarshe na maza masu nauyi sama da kilo 75 a gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri ta sama, ya same shi da ƙarfi, mutumin ya faɗi sumamme. Alƙalai suka fitar da Hamedi daga wasan. Wanda ya suma shi aka ba lambar zinare, wanda ya yi shurin ya koma gida da azurfa. Mutane da yawa sun ji haushin wannan hukunci, ni ma na tausaya wa yaron, amma dokar wasan ke nan. A tsarin hukumar karate ta duniya, WKF, naushi mai kyau maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a kai ko bugun wanda aka kayar maki 3, kuma cikin sharuɗɗa shida da alƙalai ke dubawa akwai dacewar lokaci da dacewar tazara. Ba a ba ka maki don ka ji wa mutum ciwo. Ana ba ka ne don ka nuna da ka so da ka yi, amma ka riƙe. Ko a Kyokushin, salon karate da Mas Oyama ya kafa, inda ake duka da gaske, an hana naushi a fuska a gasarsu.

Lokacin da Gichin Funakoshi ya kai karate Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, kata ce ginshiƙin koyarwarsa. Ɗaliban jami'o'i, samari masu zafin jini irinka, su suka matsa sai an riƙa karawa, har ta kai ƙungiyar karate ta Japan, JKA, ta yi gasarta ta farko a 1957, shekarar da tsohon ya rasu. Matakan da kake bi yanzu an shimfiɗa su ne don a kai mutum ga karawa ba tare da an nakasa shi a hanya ba.

Yanzu bari mu dubi taku biyar ɗin nan da ka raina, domin yawancinku ba ku yin sa yadda ya kamata. Mai kai hari ya sanar, ya tako sau biyar da naushi a fuska, kai kana ja da baya kana tarewa da age-uke (ɗaga hannu ka ture naushin sama), a na biyar ka rama da gyaku-zuki (naushi da hannun da ke gefen ƙafar baya). Sai a sake da naushi a ciki, ka tare da soto-uke (ture naushin daga waje zuwa ciki). Abin da nake gani a wurinku shi ne mai kai harin yana jin kunyar abokinsa, sai ya nufi saman kansa ko gefen kunnensa. Kai kuma ka ɗaga hannu ka tare iska, ku duka ku ɗauka an yi aiki. Wannan cutar juna ce. In kai ne mai hari, ka nufi haɓarsa sosai, ta yadda in bai tare ba hannunka zai tsaya daf da fatarsa, kamar kaurin yatsu biyu ya rage. A nan kake koyon tsayar da hannu. In kai ne mai tarewa, kada ka motsa sai shi ya motsa, kuma ka lura da tsawon takunsa: in dogo ne takunka na baya ya ƙaru, in gajere ne ka rage, don ramuwarka ta kai ba tare da ka sunkuya ba. Kada ka kalli hannunsa. Ka aza idonka a tsakanin wuyansa da ƙirjinsa, daga nan za ka ga kafaɗa da ƙugu kafin naushin ya fito. Shi ya sa nake canza muku abokan atisaye kowane lokaci, domin wanda ya saba da mutum ɗaya tazarar mutum ɗaya kawai ya sani.

In ka je kallon dambe, ka bar kallon hannun da aka naɗe, ka kalli ɗayan. Gwanin ɗan dambe yana miƙa shi gaba yana auna abokin karawarsa, yana zagaye, wani lokaci har 'yan kallo su ƙosa, kafin ya saki duka ɗaya. Wannan awon shi ne abin da kake nema.

Daga taku biyar za ka koma taku ɗaya, inda hari guda ne kuma dole ramuwarka ta fito nan take. Daga nan sai jiyu ippon: kuna tsaye a sake, ya faɗa maka abin da zai kawo amma bai faɗa maka lokacin ba. Ranar da na ga kana tare harin manyanka a wannan mataki ido buɗe, ramuwarka tana taɓa riga ba ta nutsewa cikin haƙarƙari, zan sake ka. Kuma da mai baƙin bel zan fara haɗa ka, ba da tsaranka ba. Sababbi biyu in suka haɗu kowa tsoro ke tura shi, nan ne ake samun rauni.

Maganar ƙarfe kuwa, ba na hana ka, amma ba ita ce ta farko ba. Wasan manya minti 3 ne, kuma abin da ke fara ƙarewa numfashi ne. Da haki ya kama mutum sai hannuwansa su sauka, ƙafarsa ta yi nauyi, dabara ta gudu. Sassarfa mai nisa tana da amfani, ka riƙa yi sau biyu a mako, amma kumite ba haka yake cin jiki ba: tsalle-tsalle ne, sai fizga, sai a koma. Don haka ka samu igiya ka yi tsalle minti 3, ka huta minti 1, ka maimaita sau uku, kana ƙarawa a hankali. Wata rana ka je fili ka yi gudu da iya ƙarfinka na ɗan gajeren zango, ka dawo da tafiya, ka sake. Nauyin naushi daga ƙafar baya da juyawar ƙugu yake fitowa, don haka tsugunno da tashi da tsayuwar kiba-dachi (ware ƙafafu da rage tsawo kamar mahayin doki) sun fi maka amfani yanzu da kumbura dantse. In ka fara ƙarfen, ka fara da marar nauyi, a gaban wanda ya san aikin.

Kada ka daki bango don hannunka ya yi kanta. Mutanen Okinawa makiwara suke duka, katako ne mai lanƙwasuwa da aka naɗe kansa da igiyar ciyawa, yana ba da baya in an buge shi. Amfaninsa ka koyi miƙe wuyan hannu da sauke duka a kan gaɓoɓin tushen yatsan manuniya da na tsakiya. Yaran da ƙashinsu bai gama ƙwari ba ba na barin su su taɓa shi.

Lokacin bazara ka yi aikinka bayan asuba ko in rana ta yi sanyi, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Da azumi ka mayar da mai tsananin bayan tarawihi. Kuma duk wanda ya ce maka ka haɗiyi tramol don kada ka ji gajiya, ka rabu da shi. Ƙwayar tana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, tana sa farfaɗiya a wasu, kuma an haramta ta a gasa.

Kafin ranar ta zo ka tanadi robar kare haƙora da safar hannu ta kumite. In aka taɓa ka a kai ka ji jiri, ko amai, ko ka kasa tuna abin da ya faru, atisayen ranar ya ƙare, sai asibiti, kuma ba ka komawa karawa sai likita ya yarda. A wannan makon kuma ka nemi wanda ya fi ka tsawo cikin manya, ka roƙe shi ku yi taku biyar bayan an tashi, ka ce masa ya nufi haɓarka da gaske.