Ruwa ne ya fara, sauran suka biyo baya

Ɗan'uwa, ka tambaya wai me ke ɗaga arzikin yanki irin namu, manyan masana'antu ne ko noma. Ni dai ban yi karatun tattalin arziki ba, sana'ata shinkafa ce a Kura, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya yake noma a shekara. Da an gama kaka sai ya tafi ci-rani, gida ya koma na mata da yara har a ga hadari. Abin da ya sauya wannan shi ne madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, aka jawo ruwa zuwa Kadawa, Bunkure da Garun Malam. Gonar da take kwana wata bakwai ba komai ta koma ba da alkama, tumatir da shinkafa da rani.

To amma ba a gonar kuɗin yake tsayawa ba, nan ne mutane ke kuskure. Ka bi buhun shanshera ɗaya, wato shinkafar da ba a casa ba, ka gani. Dillali ya ci, ɗan dako ya ci. Mata su yi gumi a tsakar gida su shanya, mai itace ya samu nasa. A kai bakin inji a casa, mai ɗinkin buhu na jira, direba na jira, mai shayi ma da asuba ya riga ya hura wuta saboda su. Ƙanwar babata da kuɗin gumi ta aurar da 'ya'yanta uku, ba ta taɓa mallakar ko kunya ɗaya ta gona ba.

Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, shigowar shinkafar waje ta ragu, kowa ya ruga ya kafa injin casa, har da ni. Mun samu, ba ƙarya. Sai dai wuta ba ta tsayawa, sai janareta, kuma da man dizal ya yi tashin gwauron zabi na wayi gari ribar casa ba ta biyan man. Wata huɗu injina a rufe, yara shida na sallama. Idan ka zaga Sharaɗa da Bompai ka ga manyan gine-ginen da suka zama kufai, ciwon ɗaya ne, nawa dai ƙarami ne.

Kada kuma in yi son kai: mutanen Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kukan cewa madatsu irin su Tiga sun sauya musu tafiyar ruwa, ciyawar kacala ta cinye musu fadamu. Da gaskiyarsu.

Masana'anta babba ina sonta, amma in ba wuta da hanya, wa zai riƙe ta? Bana dai ina tara kuɗin sola, in Allah ya yarda kafin shinkafar rani ta shigo in tayar da injin.