Amsa: Yaya zan fahimtar da Baba juyin halitta?

Ɗan'uwa, ka ce da ka ambaci juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, sai Baba ya ce "wato mu birai ne?" ya kaɗe rigarsa ya tashi. Ai kai ka ɗauko ta da zafi. Tuna masa da Nivaquine, ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro. Dattawan Damagaram sun san da can tana kwantar da masassara, daga baya ta daina ci. Ba maganin ne ya lalace ba. Yana kashe ƙwayoyin cutar, 'yan kaɗan da suka jure su hayayyafa, zuriyarsu ta gaji juriyar. Hanyar juyin halitta da Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya bayyana a 1859 ke nan.

In yana noma ma ya fi sauƙi. Kuna shan shayi, tambaye shi wace zangarniyar hatsi yake warewa don iri, kuma don me. Yadda irin da ya zaɓa ke gadar da halinsa, haka ƙwayoyin da suka jure suka gadar da nasu.