Fatawa: Jami'in da ya tona asirin hukuma a kan safarar ƙwaya, ya ci amana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin ɗamara ne, shekarata 11 a bakin aiki, kuma ranar da aka ɗauke mu sai da muka yi rantsuwar riƙe sirri. Kwanan baya musu ya kaure a majalisarmu a kan wani tsohon labari na Amurka, inda wani jami'i da wani ɗan jarida suka fito suka ce masu safarar hodar iblis sun samu mafaka a cikin wani yaƙin ɓoye da gwamnati ta yi. Wani abokin aikina ya ce jami'in maci amana ne, in ana yaƙi babu abin da ba a yi. Wani kuma ya ce gwamnatin ce da kanta ta shigo da hodar don ta gama da baƙar fata, har ya tura mana labarin a WhatsApp. Ni ban taɓa ganin irin wannan a wurin aikina ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Shin hukuma tana da uzuri in ta yi haka saboda tsaro? Wanda ya kwarmata ya yi laifi? Da ni ne na gani, yaya zan yi da rantsuwata?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa, da ka tambaya tun kafin ranar ta zo.

Malamai suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, don haka bari mu fara tsefe labarin, saboda abokanka biyu duk sun karkace, kowa ta nasa gefen.

A 1979 'yan Sandinista suka kifar da mulkin gidan Somoza a Nikaragua. Gwamnatin Amurka ta Ronald Reagan ba ta so 'yan Sandinista ba, sai hukumar leƙen asiri ta CIA ta shiga ɗaure wa 'yan tawayen Kwantara, masu yaƙar su, gindi da kuɗi da makamai. A 1984 majalisar dokokin Amurka ta toshe kuɗin, masu tafiyar da yaƙin suka koma neman wasu hanyoyi ta bayan fage. Ɗaya daga ciki ita ce sayar wa Iran makamai a ɓoye ana karkatar da ribar, abin da ya fashe a ƙarshen 1986. A waɗannan shekarun ne wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, Celerino Castillo, da ke aiki a yankin, ya ce ya rubuta wa na gaba da shi rahotanni cewa akwai matuƙa jiragen da ke kai wa 'yan tawayen kaya daga filin jirgin Ilopango na Salvador waɗanda ke da hannu a safarar hoda, kuma ba a bi maganarsa ba.

A 1989 wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin John Kerry ya fitar da rahoto cewa mutanen da ke cikin harkar tallafa wa Kwantara sun yi safarar ƙwaya, cewa jami'an gwamnati sun samu labari, har ma ma'aikatar harkokin waje ta biya sama da dala 800,000 ga kamfanoni huɗu mallakar masu safara don su kai kayan agaji. Sai a Agustan 1996 ɗan jarida Gary Webb ya buga bincikensa a jaridar San Jose Mercury News, ya bi sawun hodar daga hannun Norwin Meneses da Danilo Blandón, 'yan Nikaragua masu alaƙa da 'yan tawayen, har zuwa hannun wani dila, Rick Ross, a unguwannin baƙar fata na Los Anjeles. Manyan jaridu suka yi masa ca, suka ce ya zarce abin da hujjarsa ta kai. Editansa ya janye jiki, shi kuma ya bar aikin. Amma a 1998 babban mai binciken cikin gida na CIA, Frederick Hitz, ya amsa cewa hukumar ta ci gaba da hulɗa da mutanen da aka zarga da safara ba ta yanke su da gaggawa ba. A nan ne kuma aka ji cewa tun 1982 akwai yarjejeniya tsakanin CIA da ma'aikatar shari'a wadda ba ta wajabta mata kai rahoton safarar ƙwaya ta mutanen da take aiki da su ba, matuƙar ba ma'aikatanta ba ne, kuma haka aka tafi har 1995. Rahoton dai ya ce bai samu shaidar cewa hukumar ko ma'aikatanta sun ƙulla shigo da hodar da kansu ba.

To ka ga abin da ya tabbata: an sani, an kau da kai, an ci gaba da cin tuwo tare. Cewa an tsara abin ne da nufin hallaka wata ƙabila, wannan binciken bai tabbatar da shi ba. Riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

Batun uzurin hukuma ba ya buƙatar dogon zance. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, Annabi (SAW) ya ce "kowane mai sa maye haramun ne", kamar yadda Muslim ya ruwaito. Imam Ƙarafi cikin malamanmu na Malikiyya ya rarrabe tsakanin mai sa maye da mai ɓata hankali da mai kwantar da mutum, amma rarrabewar ta shafi haddi da najasa ce, ba ta halatta shan abin da zai ɗauke hankali ba. A hadisin giya kuma an la'anci mutum goma, a cikinsu akwai mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Wanda ya ba da filin sauka, ya hana a binciki jirgi, yana cikin taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Zaman mutum a kujerar hukuma ba ya sauya wannan, sai ma ya ƙara nauyi, domin shi aka ɗora wa kiwon mutanen.

Abokinka zai ce ai an ruwaito cewa yaƙi ɗan zamba ne. Haka ne, hadisi ne ingantacce. Amma zambar da aka yarda da ita a kan abokin gaba mai ɗauke da makami take: ka ɓoye masa hanyarka, ka nuna gabas ka bi yamma. Hodar da ta sauka ba sojan Sandinista ya shaƙa ba, 'ya'yan talakawan ƙasar da ake cewa ana karewa ne suka shaƙa. Hujjar lalura ma ba ta tsaya ba, domin daga sharuɗɗanta akwai cewa babu wata mafita, kuma kada a gusar da cuta da cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Ba a kashe gobarar gidan maƙwabci da kunna wuta a ɗakin 'ya'yanka. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, a 1986, lokacin da ake kau da kai daga manya, aka kafa dokar da ta sa giram 5 na dafaffiyar hodar da talaka ke zuƙa ya jawo ɗaurin shekara 5, daidai da giram 500 na garin hodar. Wannan ita ce ainihin halakar da Annabi (SAW) ya faɗa a ƙissar matar Banu Makhzum: in babba ya yi sata a ƙyale shi, in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi.

Ina faɗin haka da zafi ne saboda na ga abin da ƙwaya ke yi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini ɗanta nan zaure bayan la'asar, saurayi ne da ya haddace izu talatin a da. Tana magana yana ta sosa wuyansa, idonsa bai tsaya a kan kowa ba, yawu na bin gefen bakinsa. Ta ce, "Malam, har keken ɗinkina ya ɗauka ya sayar." Duk wanda zai ce mini akwai wata maslahar ƙasa da ta kai a bar wannan ya shiga gidajen mutane, ina so ya zauna a gaban wannan uwar ya maimaita.

Kada dai a cakuɗa wannan da aikin jami'in da ya yi shigar burtu a matsayin mai saye don ya kama dila, ko kayan da aka bari suka isa inda za su ana biye da su don a cafke uban gayyar. Wannan ya halatta in da izinin hukuma da sa ido, kuma kayan ba su ƙare a hannun jama'a ba, kuɗin bai shiga aljihun kowa ba.

Yanzu rantsuwarka. Riƙe sirrin aiki wajibi ne, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Ƙissar Haɗibu ɗan Abi Balta'a ta ishe mu: sahabi ne da ya halarci Badar, amma da ya aika wa Ƙuraishawa labarin shirin tafiya Makka, sai da aka saukar da farkon Suratul Mumtahana a kansa. Wanda ya fitar da inda runduna ta yada zango, ko sunan mai kawo bayanai, ya ci amana, kuma jinin da aka zubar ta dalilinsa yana wuyansa. Sai dai amanar da ka ɗauka ta tsare mutane ce. Ba ka rantse za ka rufa wa laifi asiri ba, kuma ko da lafazin ya haɗa da haka, wannan ɓangaren bai ɗauru ba. Annabi (SAW) ya taɓa tura wata runduna, shugabanta ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce su shiga. Da labari ya iso Madina sai Annabi (SAW) ya ce da sun shiga da ba su fito ba, "ɗa'a tana cikin abin da yake daidai ne kawai." Allah kuma ya ce a Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Zaidu ɗan Arƙam yana yaro ya ji mugun zancen Abdullahi ɗan Ubayyu a hanyar dawowa daga yaƙi, ya kai gaba, aka ƙaryata shi, ya shiga baƙin ciki, sai Alƙur'ani ya sauka ya gaskata shi. Ba a kira shi annamimi ba. Imam Nawawi ma da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ya sa kai ƙara da neman taimako don kawar da ɓarna a cikinsu.

Saboda haka jami'in da ya ga irin wannan da idonsa ya kai rahoto bai ci amana ba, ya sauke ta ne. In da Allah ka yi rantsuwar, kuma ka ga dole ka saɓa lafazinta, to hadisin Muslim ya ce wanda ya yi rantsuwa ya ga waninta ya fi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3.

Amma akwai tsari, kuma a nan ne da yawa suke zamewa. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda da zarar labarin tsaro ko tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. Don haka za ka fara ne da na gaba da kai, a rubuce, da rana da wuri da abin da ka gani. In shi ne mai hannu a ciki, ko ya danne, sai ka haura zuwa sashen bincike na cikin gida, ko kwamitin majalisa, ko kotu, kana tare da lauya mai amana. Fita ga jama'a shi ne matakin ƙarshe, bayan ƙofofi sun rufe kuma cutar tana ci gaba, kuma ko a nan laifin kaɗai za ka fitar, ba za ka kwashe sirrin da zai jefa abokan aikinka marasa laifi cikin haɗari ba. Ka faɗi na gani a inda ka gani, ka faɗi an ce mini a inda aka ce maka, kada ka haɗa su. Ka ga Webb, yawancin abin da ya tono yana da tushe, amma wuraren da aka ce ya zarce hujja su aka kama aka doke shi da su, har gaskiyar da ke hannunsa ta daɗe ba a saurare ta ba. Ka kuma binciki zuciyarka: in hana ka ƙarin girma da aka yi ne ya tuna maka da shaidar, gyara niyyar kafin ka buɗe baki, amma kada ka fasa.

In kana da yaƙinin za a kashe ka ko a taɓa iyalinka, an yi maka rangwamen yin shiru har ka samu hanya mai aminci, kuma in ka daure ka faɗa, kana cikin waɗanda aka yi wa bushara da mafificin jihadi, kalmar gaskiya a gaban shugaba azzalumi. Abin da babu rangwame a cikinsa shi ne sa hannu: ɗaukar kayan, raka motar, sa hannu a takardar ƙarya, ko karɓar kason rufe baki. Tsoron rasa albashi kaɗai bai kai uzuri ba.

Shi kuma abokinka mai turawa a WhatsApp, ka gaya masa cikin lalama cewa ƙin da yake wa zaluncin wata gwamnati ba ya ba shi damar ƙara mata abin da ba a tabbatar ba. Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, kuma ayar ba ta ware wanda ba Musulmi ba. Ya faɗi abin da kwamitin Kerry da rahoton Hitz suka tabbatar, da shekarunsu. Sauran ya ce zargi ne, ko ya goge shi daga saƙon kafin ya tura.

Wallahu a'alam.