Bakin Tekun Legas: Ina Talaka Zai Zauna Ya Sha Iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai shayi ne a Obalende. Da can, ranar Sallah mukan kwashi yara mu tafi Bar Beach su hau doki, mu ci tsire, ba sai aljihu ya yi nauyi ba. Yanzu wurin ya zama Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka gina, sauran bakin ruwan kuma sai ka biya kuɗin shiga. In da gwamnati za ta yi wa jama'a wurin yawo a bakin teku, yaya ya kamata a tsara shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fara cin Bar Beach teku ne da kansa. Sama da shekara 100 da suka wuce Turawa suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, sai yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma ya daina isowa. Teku ya yi ta zaizayar gaɓa har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello. Shi ya sa aka gina katangar Eko Atlantic da manyan tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. To, duk wanda zai shimfiɗa daɓe a bakin ruwan Legas, ya fara da kariya irin wannan, in ba haka ba damina ɗaya ta isa.

Bayan kariya, ni abin da na fi damuwa da shi inuwa ce. Ranar Legas da azahar, ga gumi, ba tsohon da zai jure daɓe tsirara. A shuka kwakwa, ita ce ke jure gishiri. Kujeru a yi su da kankare, don iskar teku ba ta barin ƙarfe. Duba ƙofar kowane gida a Victoria Island ka ga tsatsa. A sa bandaki mai ruwa, da famfon alwala, da ɗan fili mai tsabta inda mutum zai shimfiɗa darduma in magariba ta same shi da iyali.

Sai ku masu sana'a, kuma a nan nake so masu zane su saurara. In aka zana wurin ba tare da mai shayi da mai tsire da mai doki ba, za su zo duk da haka, sai dai kullum ana korarsu ana kwashe musu tebur. Tun a takarda a ware musu rumfuna, da kwandon shara, da kuɗin haya da za su iya biya.

Akwai kuma babban titin Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, wanda ya bi ta gaɓar. Uwa mai goyo, riƙe da hannun yara biyu, ba za ta tsallaka shi da gudu ba. Dole a yi gadojin masu ƙafa daidai inda motocin haya ke sauke mutane, kuma shiga wurin yawon ta zama kyauta.